Ƙuri'ar da Na Kaɗa a Sentul

Ba zan taɓa mantawa da zamanin da nake buɗe baki a taron ɗaliban Najeriya na Kuala Lumpur kowa ya yi tsit ba. A lokacin, in na ce ruwa zai sauka da la'asar, sai ka ga ana neman lema (ko da yake a garin nan ba sai ka zama waliyyi ba kafin ka faɗi haka ka dace). Yanzu kuwa, ko wata na ce an gani, sai wani ya rubuto cikin ladabi, "To Baba, bari mu ɗan tabbatar." Abin da ya raba wancan lokacin da wannan ɗigon tawada ne a babban yatsana na hagu, kuma ni na ɗiga shi da hannuna.

Na je Malesiya neman digiri na uku ina dab da shekara sittin. Jami'ar da nake koyarwa a gida ce ta tura ni da tallafin gwamnati, bayan an faɗa mini a fili cewa in babu wannan takardar, a kujerar da nake zan yi ritaya. Abokan karatuna duk sa'o'in 'ya'yana ne. Malamin da ke duba aikina ma na girme shi, har yakan rasa yadda zai ce mini babin da na rubuta bai yi ba. Kowa Baba yake ce mini, ni kuma na karɓi sunan da hannu biyu. Na zauna a Khartoum, na koyar a Yamai, na yi aiki a Jidda, na sha sanyin Ingila na shekara biyu. Ina jin Larabci da Faransanci da Turanci, na kuma tsinci yaren Malay daidai na cinikin kifi. Wannan yawon ya bar mini wata cuta: ba na ganin abu in bar shi a yadda yake, sai na auna shi da na wani gari. Ko shayi aka miƙo mini, sai na ce na Omdurman ya fi shi kauri.

Da zaɓen gida ya matso, zancen duk ya koma can. Abin kuwa da ciwo, domin dokar ƙasarmu ba ta yarda wanda ke waje ya kaɗa ƙuri'a ba sai ya dawo rumfarsa da ƙafarsa. Na ga 'yan Senegal a Jidda sun yi layi a ofishin jakadancinsu da katinsu a hannu. A Kuala Lumpur ɗin ma, 'yan Indonesiya masu aikin gini da masu aikatau a gidajen mutane sukan ɗauki hutun yini guda su je su zaɓi shugaban ƙasarsu, su dawo suna nuna wa juna yatsa. Mu kuwa da ke kiran kanmu giwa, in ka aika da ɗan abin cefane gida ana sa maka albarka, amma ra'ayinka ka riƙe abinka har ka dawo.

Muna da al'adar haɗuwa sau ɗaya a wata a wani gidan abincin Larabawa a Bukit Bintang, Musulminmu da Kiristanmu, a ci shinkafa da rago, a yi gulmar ƙasa. A zaman da ya rage wata guda zaɓe, Sadisu, shugaban ƙungiyarmu, Bakano mai karatun injiniya, ya ture faranti ya ce, "Ni wallahi na haƙura. Ko a gida nake ba zan fita ba. In ka zaɓa, in ba ka zaɓa ba, same thing lah," wato duk ɗaya ne, da salon Turancin 'yan Malesiya.

Nan cutar tawa ta motsa. Na gyara hula, na yi musu huɗuba ta kusan rabin awa. Na kawo Sudan, na kawo Nijar, na kawo mutanen da na gani sun yini a rana don takarda ɗaya. Na rufe da abin da na fi taƙama da shi a duniya: tun zaɓen farko da na isa kaɗa ƙuri'a ina saurayi, ban taɓa rasa ko ɗaya ba. (Gaskiya ce, amma ban ƙara musu da cewa yawancin yawona a zamanin soja na yi shi ba, lokacin da babu zaɓen da za a rasa.)

Sai Rifkatu, 'yar Filato mai karatun jinya, wadda ba ta iya ɓoye abin da ke ranta ba, ta ce, "To bana fa, Baba? Ga shi kana nan tare da mu."

Allah ne shaidata, har zuwa wannan daƙiƙar ban yi niyyar zuwa ko'ina ba. Amma idanu wajen ashirin na kaina, sai na ji bakina ya ce, "Bana ma zan je. Jirgi zan hau in je in kaɗa ƙuri'ata in dawo."

Aka ɗauki tafi. Sadisu ya miƙe ya sara mini, ya ce, "Baba, ka kunyata mu. Kai ne wakilinmu." Kafin a kawo shayi ya ciro waya ya nemo mini jirgi, domin ni ban iya sayen tikiti a waya ba, duk abin da ya shafi wannan shi ke yi mini. Na koma gida a jirgin ƙasa ina jin kaina kamar wanda aka naɗa.

Abin da na manta, ko in ce na ƙi tunawa, shi ne fasfona ba ya hannuna. Kowace shekara ɗalibi kan miƙa fasfonsa a ofishin ɗaliban waje a sabunta masa izinin zama, abin kuma yakan ɗauki makonni. Ni na miƙa nawa a makare, domin na tsaya ina ganin ai ni na san kan ofisoshin duniya. Na fara sintiri. Matar da ke teburin, mai fara'a da haƙuri, kullum amsarta ɗaya: "Boleh, boleh," wato zai yiwu, "mako mai zuwa." A Khartoum bukra ake ce maka, wato gobe, a Yamai a ce ka dawo Litinin, a gida a ce oga ya fita. Nasu ya fi daɗin ji, amma ma'anar ɗaya ce.

Ana cikin haka saƙonni suka fara zuwa. Duk wanda ya zauna a waje ya san wannan: mai tafiya gida ba shi da akwati, akwatin jama'a ne. Wannan ya kawo mayafi na matarsa, wancan man zafi na kakarsa, wani takalmin yaro. Rifkatu ta kawo na'urar awon sukari a cikin kwalinta, ta ce ta mahaifinta ce, tasa ta lalace, yana ta shan magani a makance. Ta ce ƙanenta zai taso daga Jos ya same ni a Zariya ranar Lahadi, washegarin zaɓe. Na karɓa, na ce ta ɗauka ta isa.

Ranar Laraba da safe, ranar tafiya, na koma ofishin. Babu fasfo. Na tsaya a bakin ƙofa da waya a hannu, sunan Sadisu na kallona. Magana ɗaya ce: ban samu fasfo ba, tafiya ta fasu. Yaro ɗan shekara goma zai iya faɗinta. Amma na tuna tafin nan, na tuna huɗubar rabin awa, na tuna "kai ne wakilinmu". Girman kai rawanin tsiya, in ji Hausawa, ni kuwa na naɗa shi har da kunne biyu. Na mayar da wayar aljihu.

Da la'asar mutum shida suka raka ni babbar tashar da ake hawa jirgin ƙasa mai zuwa filin jirgi. Na roƙe su kada su wahalar da kansu har can, na ce karatu ya fi rakiya. Sadisu ya ja mini akwati har bakin shinge. Rifkatu ta ce, "Allah ya kiyaye hanya, Baba. Ka dangwala har da namu." Na shiga, na ɗaga musu hannu ta taga kamar mai tafiya Hajji. A tasha ta farko na sauka, na ja akwatin jama'a, na tari tasi ta mayar da ni Sentul, unguwar da nake zaune.

Ɗakina yana hawa na goma sha ɗaya, kuma babu ɗan Najeriya a ginin, wannan ne ya ba ni ƙarfin hali. Na ja labule. Na kashe waya, domin na san in aka kira aka ji irin ƙarar layin Malesiya asirina ya tonu. Matata Hajiya kaɗai na kira a Zariya kafin in kashe, na ce mata tafiya ta fasu, kuma in wani ya tambaya ta ce na fita. Ta ce, "Malam, da girmanka?" Na ce mata ba za ta gane ba. Ta ce lallai kam.

Kwana uku na yi a ɓoye. Nakan saci jiki in sauka shagon abincin Indiyawa na ƙasan gini a ƙunsa mini gurasar da suke kira roti da miyar wake, in hau da sauri kamar ɓarawo. Ranar Juma'a ce ta fi yi mini nauyi. A masallacin unguwar Kampung Baru muka saba yin salla, a can Hausawa ke haɗuwa a gaisa bayan an idar. Ban isa in je ba. Na yi azahar a ɗaki, ina ba kaina fatawar cewa ai Juma'a ba ta wajaba a kan matafiyi ba. Na kalli akwatin nan a tsaye a bakin ƙofa, cike da amanar mutane, na ji kunyar Allah ta kama ni. Amma ba ta kama ni yadda zan kunna waya in faɗi gaskiya ba.

A wannan zaman ne shaiɗan ya kawo mini shawara ta biyu. Ya ce, ai wakili ba ya dawowa hannu rabbana, sai da shaida. Ranar Asabar da hantsi na je wani shago na kayan rubutu, na sayi tawadar hatimi mai ruwan shuni da alƙalamin da ba ya gogewa. Dattijon Ba'indiyen da ke shagon ya tambaye ni ko ofis na buɗe, na ce masa e, wani ƙaramin ofis ne. Na dawo na zauna na yi aikin da natsuwa irin ta wanda ya san abin. Na dangwala cikin yatsa a tawada, na ja layi a gindin farce daidai yadda malaman zaɓe ke yi. Har na ɗan goga gefe a tsumma don kada ya yi kyau da yawa. Na shimfiɗa farar babbar rigata a gado don kada bango ko taga su fito, na ɗauki hoto.

Sai lissafin lokaci. Malesiya na gaban gida da awa bakwai. Na ce in na tura da ƙarfe biyar na yamma, a can goma na safe ke nan, daidai lokacin da dattijon da ya yi sammako zai gama. Na yi la'asar, na zauna ina kallon agogo. Biyar na cika na kunna waya.

A nan ya kamata in faɗi wani halina. A zaurenmu na waya ni mai rubutu ne, ba mai karatu ba. Shekara uku ina ciki, ban taɓa bin abin da yara ke rubutawa ba. In na shiga, in sauke nasihata in fita. Ranar ma wayar ta yi ta ƙara, saƙonni na ta zubowa kamar ruwan daminar Malesiya, na ce ai zumuɗin zaɓe ne. Ban duba ko ɗaya ba. Na tura hoton, na rubuta a ƙasa: "Alhamdulillah, an sauke nauyi. Layi ya yi tsawo, amma jama'a sun fito, komai lafiya. Na dangwala har da naku."

Na ajiye waya, na haɗa shayi, ina jiran addu'o'i.

Minti biyar, shiru. Zauren da ke tafasa ya mutu mus. Ina ganin alamar mutane na karantawa ɗaya bayan ɗaya, har sun haura arba'in, babu wanda ya ce uffan. Sai ga Sadisu: "Baba, barka da ƙoƙari. A wace rumfa?"

Ko a nan ban farga ba. Na rubuta masa sunan makarantar firamaren unguwarmu, na ƙara da cewa na'urar tantancewa ta ɗan ba da wahala da farko.

Sai wani matashi da ban ma san shi sosai ba ya rubuto: "Baba don vote for next week," wato Baba ya riga ya kaɗa ƙuri'ar mako mai zuwa. Wani ya sa hoton fuska mai hawayen dariya, ya yi sauri ya cire. Sannan Rifkatu ta rubuta, ba dariya ba komai: "Baba, an ɗage zaɓen. Tun kafin gari ya waye a gida aka sanar. Sai Asabar mai zuwa."

Na ja saƙonnin sama da yatsan nan mai tawada. Ga shi nan, tun wajen tara da rabi na safiyarmu, lokacin da nake shirin fita sayen tawada, ba abin da ake magana sai shi. Har akwai masu tausaya mini: "Allah sarki Baba, ya yi doguwar tafiya a banza." Wani ya ce a yi mini addu'a. A duk faɗin Najeriya babu rumfa ɗaya da aka buɗe ranar. Mutum ɗaya tak ya yi zaɓe, shi ma a hawa na goma sha ɗaya a Sentul.

Na yi ƙoƙarin goge hoton. Wayar ta ba ni zaɓi biyu, na danna na farko da na gani. Ashe wa kaina kaɗai na goge. Ya ɓace daga idona, ya zauna daram a wayar kowa.

Na taɓa jin kunya a duniya. An taɓa mayar da ni daga filin jirgi, na taɓa yin kuskuren aya ina limanci a gaban Larabawa. Amma waɗancan kuskure ne. Wannan kuwa na zauna na ƙera shi, har da goge gefe a tsumma.

Washegari da hantsi aka ƙwanƙwasa ƙofa. Sadisu ne da Rifkatu, ta taso daga coci ko gida ba ta biya ba. Ashe ya kira Hajiya, ita kuma ta ce masa ba za ta yi ƙarya da furfurarta ba, su je Sentul su duba ko ina raye. Suka gaishe ni kamar kullum, Sadisu har da rusunawa. Da ma zagina suka yi, da ya fi mini sauƙi. Na ɓoye hannun hagu a cikin riga, na faɗa musu komai, tun daga ofishin fasfo har tashar farko.

Sadisu ya kalli akwatin, ya kalle ni, ya ce, "Baba, wato da muna ɗaga maka hannu, tashar farko kawai za ka, Bandar Tasik Selatan?"

Na ce nan ne.

Ya cije leɓe, kafaɗunsa na rawa, ya juya yana kallon labule. Rifkatu ba ta yi dariya ba. Ta durƙusa ta buɗe akwatin, ta ciro kwalin na'urar mahaifinta, ta rungume shi. Ta ce, "Ƙanena har ya nemi izini a wurin aiki. Da ka faɗa mini ranar Laraba, akwai wata 'yar cocinmu da ta tafi ranar Alhamis." Ta ƙara da cewa, "Mu ma fa ba mu da ƙuri'ar nan, Baba. Da ka zauna cikinmu kawai."



Ranar Talata aka kira ni daga ofis, fasfo ya fito. Ga zaɓe saura kwana huɗu, ga fasfo a hannu. Na kai wa Sadisu tikitin ko za a iya gyara ranar. Ya duba ya girgiza kai. Ya ce da na yi magana kafin jirgin ya tashi, da an ɗaga tafiyar cikin minti biyar, yanzu ina shirin tafiya ta gaske. Amma tunda ban je ba, ban kuma sanar ba, tikitin ya mutu, kujerun makon kuwa masu komawa zaɓe sun cinye, sauran sun fi ƙarfina. Wato ba dokar ƙasa ce ta hana ni zaɓen nan ba, ba kuma matar ofis ba. Har ƙarin mako guda Allah ya ba ni, ƙaryata ta riga ta cinye shi.

Asabar ɗin gaskiya muka haɗu a Bukit Bintang kamar yadda aka tsara tun farko. Na so in ƙi zuwa, Sadisu ya ce in ban zo ba za su ɗauko ni. Aka ba ni kujerata ta kullum a kan tebur. Kowa ya duƙufa a kan waya yana kallon hotunan da 'yan uwa ke turowa daga gida: layuka, tsofaffi a kan benci, mata da goyo. Mu wajen talatin, masu digiri biyu da masu neman na uku, babu mai ko rabin ƙuri'a. Ruwa ya tsuge a waje. Na sa hannu zan ɗauki kofi, sai na ga har yanzu akwai sauran shuni a gindin farcena, duk da sabulu da lemon tsami da na yi mako ina gogawa. A duk teburin ni kaɗai ke da tawada a yatsa. Na san sun gani. Ni kuwa ban kwatanta shayin ranar da na ko'ina ba.

Na gama karatun, na dawo Zariya. Da zaɓe ya sake zagayowa na yi sammako na bi layi a makarantar firamaren nan, na dangwala na gaske. Hajiya ta ce in kawo yatsan ta ɗauka a tura wa yaran Malesiya, ai wannan karon da gaskiyata. Na sa hannu a aljihu na ce ta bari.

In akwai darasi, ga shi: dattijon da ya saba a saurare shi, ya riƙa karanta abin da yara suka rubuta kafin ya tura nasa. Kuma "ban samu zuwa ba" kalma uku ce da ɗoriya, ba ta taɓa kashe kowa ba. Zaɓe ɗaya na rasa a rayuwata, kuma tun daga shi ban sake yi wa kowa huɗuba a kan zaɓe ba.